Idon Jama'a Ke Korar Ɗalibanmu Daga Filin Wasa

A makarantun sakandaren Dutse, Kiyawa da Birnin Kudu, ranar gasar wasanni tsakanin gidaje rana ce ta ganguna da tafi. Amma malamin wasannin da ke lura ya san ɗalibar da ta fi kowa gudu tana aji ɗaya, da ta kai aji uku sai ciwon ciki ya riƙa kama ta duk ranar atisaye. Ƙafarta lafiya lau. Jikinta ne ya fara sauyawa, kuma kunnenta ya jiyo abin da ake faɗa daga bakin fili. Haka yaron da ke laɓewa a ƙarshen layi, yana ta jan gajeren wandonsa ƙasa don kada a ga siraran ƙwaurinsa. Wannan fargaba ce ta gaske, mai sa faɗuwar gaba da gumi a tafin hannu, kuma makaranta na da hannu a cikinta.

A nan rama ake yi wa dariya fiye da ƙiba, shi ya sa wasu 'yan mata ke shan ƙwayoyin sha-ka-fashe ba da izinin likita ba. Abin takaicin shi ne, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kusan biyu cikin uku na yaran Jigawa 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Manyansu sun fara shiga ƙaramar sakandare. Idan malami ya laƙaba wa irin wannan yaro suna saboda gajartarsa, talaucin gidansu yake tallatawa a gaban aji, sunan kuwa zai bi yaron har kasuwa.

Za a ce kunya ado ce, kuma addini ya yabe ta. Haka ne, ba ni da ja. Sai dai kunya sutura take nema, sutura kuwa tana samuwa: tun 2014 aka amince da rufe kai a ƙwallon ƙafa ta duniya, kuma Ibtihaj Muhammad ta Amurka ta ci tagulla a Olamfik na 2016 sanye da hijabi. Wasu kuma za su ce zolaya tana sa yaro ya yi tauri. Waɗanda suka jure kaɗai suke ƙirgawa. Wanda ya daina zuwa fili ba ya cikin lissafinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 85 cikin 100 na 'yan mata masu tasowa ba sa motsa jiki yadda ya kamata, don haka kowace ɗaya da muka kora asara ce.

Gyaran bai kai kuɗin ginin aji guda ba. Hukumomin ilimi na jihar su amince da dogon wando, riga mai yalwa da ƙaramin hijabi wanda ba ya harɗe hannu, a ware ɗakin sauya kaya mai ƙofa, a ba 'yan mata malama mace da lokacin atisayensu daban. Shugaban makaranta kuma ya tuhumi duk malamin da ya kira ɗalibi da siffar jikinsa, kamar yadda zai tuhumi wanda ya ƙi shiga aji.