Kada A Bar Jirgin Ƙasan Abuja Ya Sake Kwanciya

Sanin kowa ne cewa matafiyin da ya sauka a Filin Jirgin Sama na Nnamdi Azikiwe bai iso Abuja ba tukuna. Akwai doguwar tafiya a gabansa ta hanyar Lugbe, kuɗin tasi kuwa ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci, balle ɗalibi.

Domin rage wannan wahala ne aka shimfiɗa layin dogo daga filin zuwa tsakiyar birni ta tashar Idu, inda ya haɗu da layin Kaduna. Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe shi a 2018. Annobar korona ta tsayar da shi a 2020, bai sake motsi ba sai a watan Mayu na 2024, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sake ƙaddamar da shi.

A ganinmu, shekara 4 ta wuce a ɗora wa annoba, akwai sakaci. Saboda haka muna kira ga Hukumar Babban Birnin Tarayya da ta riƙa ware kuɗin gyara kowace shekara, ta daidaita tashin jirgin da saukar jiragen sama, ta kuma tanadi motocin safa a bakin tashoshi. Da rancen ƙasar Sin aka gina layin nan, jama'a ne za su biya, ko jirgi ya yi tafiya ko ya kwanta.