Dattawa Ne Suka Ceci Tiredarmu

 

Lokacin ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, littafin bashin mai tireda ne ya riƙe ƙauyenmu. Da aka cire tallafin mai a watan Mayu na shekarar, kuɗin mota ya tashi, sari ya yi tsada, waɗanda muke bi kuwa shiru. To, in jari ya karye, wa zai ba ka gishiri bashi?

Dattawanmu suka zauna a bencina, suka yanke: kowa ya biya da kaka, ko da gero ne. Wallahi an biya, ba kotu, ba gaba. Sauran ƙauyuka, ku gwada.

Naku,
Manomi mai tireda, daga ƙasar Bichi