Kwana 28 da Mako Biyar: Lissafin da Ya Kwantar da 'Yan Gudun Hijira a Titunan Birtaniya

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a dandalinmu na WhatsApp, musamman daga bakin 'yan'uwanmu da suka je Birtaniya da bizar karatu ko ta aikin jinya. Wai masu neman mafaka suna kwance a otal suna cin banza, mu kuwa muna biyan haraji da haya mai tsada. Wasu ma har suna ƙarawa da cewa su ne suke ɓata wa sauran baƙi suna. Ba mu yarda da wannan magana ba, kuma lissafi kaɗai ya isa ya rushe ta.

Mu fara da abin da ake kira cin banzan. Mai neman mafaka ba shi da izinin yin aiki. Sai ya shekara guda yana jiran hukunci kafin ya nemi izini, shi ma a wasu 'yan ayyuka da gwamnati ta ware. Daga Janairun 2024 abin da ake ba shi a mako fam 49.18 ne, na ci da sha da sutura da mota. In kuwa otal ɗin da aka ajiye shi ana ba da abinci, abin da yake samu bai kai fam 10 a mako ba. Ba shi ya zaɓi otal ɗin ba, ba shi ya zaɓi garin ba, sau da yawa ma ɗaki ɗaya ake haɗa shi da wanda bai taɓa gani ba.

To ina kuɗin suke tafiya? A 2019 Ma'aikatar Cikin Gida ta ba kamfanoni uku kwangilar masaukin masu neman mafaka: Serco da Mears da Clearsprings. An ƙiyasta za a kashe fam biliyan 4.5 cikin shekara goma. A watan Mayun 2025 ofishin binciken kuɗin gwamnati na ƙasar ya ce kuɗin za su kai biliyan 15.3. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Duk da haka, a ranar 4 ga Agustan 2024 da masu tarzoma suka fito a Rotherham, otal ɗin da mutane ke ciki suka yi ƙoƙarin banka wa wuta. Wani ɓangare mai yawa na kuɗin kuma daga asusun tallafa wa ƙasashe matalauta ake yankar sa: a 2023 an kashe fam biliyan 4.3 na wannan asusu a cikin Birtaniya kanta, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne abin da ke faruwa ranar da mutum ya yi nasara. Gwamnati ta binciki labarinsa, ta yarda cewa in ya koma ƙasarsa rayuwarsa na cikin haɗari, ta ba shi takarda. Shekara da shekaru ƙa'idar ita ce a ba shi kwana 28 ya bar masauki, a kuma yanke ɗan kuɗin makon. Tallafin Universal Credit da zai koma kansa kuwa sai an jira mako biyar kafin kuɗin farko su shigo, wato kwana 35. Dokar hana rasa muhalli ta 2017 ta ba ƙananan hukumomi kwana 56 su yi aiki a kan wanda ke dab da rasa wurin kwana. Mu da muke rubuta manhaja mun san abin nan: in wa'adin tsari ɗaya ya ƙare kafin na biyu ya fara aiki, duk wanda ya biyo ta wurin zai faɗa rami. In aka nuna wa masu tsarin ramin shekara da shekaru suka ƙi cike shi, ya tashi daga kuskure ya koma manufa. Hujja kuwa ga ta: a Disambar 2024 gwamnati ta gwada mayar da wa'adin kwana 56, a Satumbar 2025 kuma ta komar da mafi yawan marasa iyali kan 28.

A cikin wannan gajeren lokaci ake so mutumin da aka hana aiki ya buɗe asusun banki, ya samo aiki, ya tara kuɗin kafin alƙalami, ya sami mai gidan da zai ba shi haya ba tare da mai tsaya masa ba. A Ingila, in babba ne lafiyayye mara yara, ƙaramar hukuma ba ta da tilas ta ba shi ɗaki. Sai tashar jirgi ko ƙofar shago, cikin sanyin Disamba.

Wanda aka ƙi buƙatarsa kuma, in damar ɗaukaka ƙara ta ƙare, a mafi yawan lokuta ba masauki, ba kuɗi, ba izinin aiki, kuma dokar 2014 ta hana masu gidaje a Ingila ba shi haya. A 2018 Serco ta sanar da shirin canza makullan ɗakunan mutum kusan 300 a Glasgow, kotun Sukotiland kuma ta ce hakan bai saɓa doka ba. Za a ce ai an ƙi shi, ya tafi. Ya tafi ina? Wasu ƙasarsu ba ta ba su takardar tafiya, wasu kuma daga baya su kawo sabuwar hujja a ba su mafakar da aka hana su da farko. Yunwa ba ta mayar da su gida, tana dai miƙa su ga masu bautar da mutane a ɓoye.

Su wane ne waɗannan mutane? Cikin ƙasashen da suka fi yawan masu tsallaka teku a ƙananan jiragen ruwa akwai Sudan, inda yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, inda kuma Hausawa ke da garuruwa da unguwanni. Bayan yaƙin Burmi a 1903, mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru sun yi hijira gabas suna gudun Turawan Ingila, ɗansa Mai Wurno ya kai su gaɓar Shuɗin Nilu, aka ba su wurin zama, garin har yau yana amsa sunansa. Jikokin waɗanda aka saukar bai kamata su zama masu yi wa mai neman masauki gori ba.

Abin da muke nema a fili yake. A mayar da wa'adin barin masauki kwana 56 ga kowa, a rubuta shi cikin doka yadda minista ba zai janye shi da sanarwa ɗaya ba. A bar mai neman mafaka ya yi aiki bayan wata shida, ya ciyar da kansa, kuɗin otal su ragu. 'Yan'uwanmu na can masu ƙuri'a su rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarsu a kan waɗannan biyun. Ƙungiyoyinmu da masallatai da coci-coci su ware wani abu don kuɗin kafin alƙalami, su tsaya wa mutum a gaban mai gida. Mai ɗakin da ba kowa ciki ya nemi ƙungiyoyin da ke haɗa masu gida da 'yan gudun hijira, ko na wata biyu ne. Mu na gida kuma, in saƙon cin banza a otal ya sake shigowa wayarmu, mu tambayi wanda ya turo: nawa ake ba mutumin a mako, kuma aljihun wa sauran kuɗin suka shiga?