Kafin a Fara Digiri na Biyu a Fannin Katun: Kundin Ayyuka Ya Fi Sabuwar Laftop

Da zarar matashi ya yanke shawarar yin digiri na biyu a fannin zane mai motsi, wato katun, abin da yake fara yi shi ne bin farashin laftop. Wacce ce ke da RAM 32GB? Wacce ke ɗauke da katin Nvidia RTX? Sai ya tattara ɗan abin da ya tara, wani ma har da rance, ya zuba a kan na'ura tun bai san irin aikin da zai yi da ita ba. Wannan gaggawa kuskure ce, kuma tana cinye kuɗi da lokaci a daidai sa'ar da aka fi buƙatarsu.

Makarantun da suka yi suna a fannin, irin su Royal College of Art a Landan, Gobelins a Faris da CalArts a Amurka, kundin ayyukan mai nema suke dubawa. Ba wanda zai tambaye shi wace kwamfuta ya yi amfani da ita. Abin da suke nema shi ne ko idonsa na ganin motsi, ko hannunsa na iya zana mutum yana tafiya har a ji nauyin jikinsa, sannan ko yana da labarin da yake son bayarwa.

Lissafin ma ya isa ya nuna inda wahalar take. Fim na tafiya ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, don haka minti ɗaya hotuna 1,440 ke nan. Ko da an bi dabarar da masu zanen hannu suka saba, ta nuna kowane zane sau biyu, sai an zana 720. Wanda bai taɓa kammala daƙiƙa talatin ba bai san abin da zai shiga ba, kuma tsadar na'ura ba za ta rage masa zane ko ɗaya ba.

Shi ya sa watannin da suka rage kafin a fara karatu ya kamata su tafi wajen kammala gajeren fim guda ɗaya, komai ƙanƙantarsa. Kayan aikin suna nan kyauta. FlipaClip na aiki a kan wayar da ke aljihu, kuma ta isa a gwada ƙwallo mai tsalle, atisayen da kusan kowane malami ke farawa da shi domin yana koyar da lokaci da tazara. Krita na da wurin haɗa motsi. OpenToonz, wadda aka saki kyauta a 2016, ta samo asali ne daga manhajar da Studio Ghibli na Japan ya yi shekaru yana aiki da ita. Sai kuma Blender, wadda ta zama kyauta ga kowa tun 2002. Har yanzu akwai masu yi mata kallon manhajar 'yan koyo, amma da ita Gints Zilbalodis ɗan ƙasar Latbiya ya yi fim ɗin Flow, labarin wata kyanwa a cikin ambaliya, babu magana ko kalma ɗaya a ciki. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar a 2025, ya doke finafinan Pixar da DreamWorks.

Ba sai an je nesa ba ma. Moustapha Alassane na Nijar ya yi Bon Voyage Sim a 1966, katun na kwaɗi da ke zolayar ziyarce-ziyarcen shugabanni, a zamanin da babu kwamfuta a gidan kowa.

Masu cewa a sayi na'ura tun da wuri suna da tasu hujjar. Wanda zai karkata ga 3D tabbas zai buƙaci kwamfuta mai ƙarfi, musamman wajen renda, lokacin da na'ura ke lissafa haske da inuwar kowane hoto. Sai dai jira ya fi riba. Makaranta ce za ta faɗi manhajar da take koyarwa da ita, yawanci tana da ɗakin kwamfutoci, kuma kamfanin Autodesk na ba ɗalibai lasisin Maya kyauta da zarar sun nuna shaidar rajista. Mai gaggawa na iya sayen abin da bai dace da kwas ɗin ba, ga kuɗin makaranta, na biza da na haya suna jiransa.

Idan har sai an kashe kuɗi yanzu, to a sayi ƙaramin allon zane na Wacom ko Huion, da ma'ajiyar bayanai ta waje, don wanda ya taɓa rasa aikin wata uku a dare ɗaya ba ya buƙatar a yi masa bayani. A haɗa da littafin Richard Williams, The Animator's Survival Kit na 2001, da littafin zane mai arha wanda za a riƙa shiga tasha ko kasuwa da shi, ana zana 'yan dako da masu talla yayin da suke wucewa.