Gilashin shaguna a Kebbe da Tambuwal: Kyan ɗan maciji?

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega a 'yan shekarun nan, ya ratsa Tambuwal ko ya karkata zuwa Kebbe, zai lura fuskar shaguna tana sauyawa. Inda a da ƙofar ƙarfe da taga 'yar ƙarama suke, yanzu alminiyon da gilashi ne ke maye gurbinsu, musamman a kyamis-kyamis da shagunan waya da na POS da ofisoshin gidajen mai. Gilashi na nuna haja, yana kawo haske, yana kuma tare ƙurar hunturu. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wane irin gilashi ne ake kafawa a wuraren da jama'a ke cinkoso?

Gilashi iri uku

A ido duk gilashi ɗaya ne, sai ranar da ya fashe ake gane bambanci. Na farko shi ne gama-gari, wanda masu aikin alminiyon ke yankawa a shagonsu. Shi ya fi araha, kuma idan ya fashe yakan rabu manyan ɓaraguzai masu tsini kamar wuƙa. Na biyu shi ne gasasshe, wanda ake zafafawa a masana'anta a sanyaya shi da sauri. Ya ninka gama-gari ƙarfi kusan sau huɗu, idan ya fashe kuma sai ya marmashe kamar tsakuwa, irin yadda gilashin gefen mota ke yi.

Na uku shi ne mai ruɓi biyu: falle biyu na gilashi da aka manne da siririyar roba mai suna PVB a tsakaninsu, a ƙarƙashin zafi da matsi. Kaurin robar yakan fara daga milimita 0.38, don haka falle biyu masu milimita 3 kan ba da gilashi mai milimita 6.38. Idan wani abu ya buge shi zai tsage kamar saƙar gizo-gizo, amma robar za ta riƙe ɓaraguzan a inda suke.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Kebbe. Kowane direban da dutse ya taɓa bugar gilashin gaban motarsa, ya ci gaba da tafiya da tsagar har gida, ya riga ya ga amfaninsa. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan Faransa, Édouard Bénédictus, shi ya yi rajistar fasahar a 1909, daga baya ta zama ƙa'ida a motoci, sannan ta shiga gine-gine.

Girman haɗarin

Gilashi na da nauyin da ido ba ya nunawa. Kowace murabba'in mita mai kaurin milimita 1 tana da nauyin kilo 2.5. Ke nan ƙofar shago mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 da kaurin milimita 6 ta kai kilo 30. Idan gama-gari ce ta fashe, wannan nauyin ne zai zubo da kaifinsa a kan wanda ke kusa, wanda sau da yawa yaro ne da aka aika sayen magani ko katin waya.

Abubuwan da za su iya fasa shi a wannan yanki ba su da wuyar samu. Akwai iskar farkon damina da ke yaye rufin kwano, akwai babur da ke ƙwacewa a bakin titi, akwai turmutsutsun ranar kasuwa. Rauni daga gilashi kuwa ya kan yanke jijiya, kuma ɗinkin jijiya aiki ne na ƙwararrun likitoci, irin waɗanda ake nema a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Daga Tambuwal tafiyar ta kusa kilomita 100, daga Kebbe kuma ta fi haka. Ga mai zubar jini, wannan tazara ba ƙarama ba ce.

Manyan biranen duniya sun ga wannan darasi da tsada. A harin da aka kai ofishin jakadancin Amurka a Nairobi a 1998, mutum sama da 200 suka mutu, dubbai suka jikkata, da yawansu daga gilashin tagogi, wasu har suka makance. Haka aka sake gani a fashewar tashar jiragen ruwa ta Beirut ranar 4 ga Agustan 2020. Kebbe ba Beirut ba ce, amma halin gilashin ɗaya ne a ko'ina.

Doka tana ina?

Tun 1977 Amurka ta wajabta amfani da gilashin kariya a ƙofofi. A Najeriya kuwa an fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa a 2006, sai dai bai samu ƙarfin aiki yadda ake fata ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne hukuncin Kotun Ƙoli na 2003 a shari'ar Jihar Legas da Gwamnatin Tarayya, wanda ya tabbatar da cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Abin da jiha ba ta mayar doka ta kuma sa ido a kai ba, zai tsaya a takarda. Hukumar SON na duba ingancin kayan da ke shigowa kasuwa, amma ba ita ke zaɓar wa mai shago gilashin da zai sa a ƙofarsa ba.

A nan ƙananan hukumomi ke da abin cewa. Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba su ikon kula da shaguna da rumfuna da gidajen abinci. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, ana sa ran su wuce karɓar haraji kawai. Majalisun Kebbe da Tambuwal na iya sanya irin gilashin ƙofa cikin sharuɗɗan ba da izinin sabon shago.

Batun tsada

Uzurin 'yan kasuwa a fili yake. Mai ruɓi biyu ya fi gama-gari tsada, kuma tun da darajar Naira ta faɗi a tsakiyar 2023 kayan gini suka yi tashin gwauron zabo. Ba kowane mai alminiyon ke ajiye shi ba, yanka shi ma sai wanda ya iya, domin sai an tsaga fallayen biyu kafin a raba robar.

Amma ba duk ginin ke buƙatarsa ba. Wuraren da suka fi haɗari su ne ƙofar shiga, da gilashin da ya sauko ƙasa da ƙugun mutum, da wanda ke saman kawunan masu wucewa a bene. Ƙananan tagogin da hannu ba ya kai musu za su iya zama da gama-gari. Mai kyamis da mai yadi suna da ƙarin riba, domin robar tana tare kusan kashi 99 cikin 100 na hasken rana mai ƙona fata da koɗar da kaya. Tana kuma jinkirta ɓarawo, tun da bugu ɗaya ba ya buɗe masa hanya.

Akwai iyakar da ya kamata a sani. Gilashin shago mai ruɓi biyu ba ya tare harsashi, ba ya tsayar da gobara, kuma idan ba mai rufin rage zafi ba ne, ba zai sanyaya shago a zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 ba. Taurinsa ma na iya zama matsala: shagon da ke da ƙarafa a taga da gilashin da ba ya ɓallewa yana buƙatar ƙofar fita ta biyu saboda gobara.

Gane shi ba wuya. Mai saye ya dubi bakin gilashin kafin a sa shi cikin alminiyon. Zai ga falle biyu da siririn layi a tsakani. Bayan an kafa, dubawar ta yi wuya, sauyawar kuma kuɗi biyu ce. Hausawa na cewa tun ran gini tun ran zane, kuma yawancin shagunan gilashin Kebbe da Tambuwal yanzu ake gina su.