Aikin haɗari sai da koyo

Ɗan'uwa mai karatu, ka san yadda samarinmu na Shetimari da Difa da Maine-Sorowa ke neman aiki ido rufe. Tun da aka fara haƙo man fetur a Agadem, cikin jaharmu ta Difa, a shekarar 2011, kowane uba burinsa a ɗauki ɗansa. Wannan ba laifi ba ne. Amma akwai tambayar da ba mu cika yi ba: wa ya koya wa yaron aikin kafin a tsayar da shi bakin rijiya?

Man Agadem yana bin bututu zuwa matatar SORAZ, kusa da Damagaram, wadda ke iya tace ganga 20,000 a yini. A shekarar 2024 kuma aka fara fitar da shi ta wani bututun mai tsawon kusan kilomita 2,000, har bakin teku a ƙasar Benin. Duk tsawon nan, mutane ne ke buɗe famfo, su rufe, su duba ma'auni. In ɗaya ya yi kuskure, ba shi kaɗai zai kwana a ciki ba.

Ga misali. A shekarar 1988, cikin teku kusa da Birtaniya, akwai wani dandalin haƙo mai da ake kira Piper Alpha. Ma'aikatan rana sun cire wani sashe na famfo don gyara, suka rubuta takarda cewa kada a tada shi. Saƙon bai kai ga masu aikin dare ba. Suka tada famfon, iskar gas ta tsiyaye, wuta ta kama. Mutum 167 suka mutu. Ka ga, ba ƙarfi suka rasa ba, ba kuma kayan aiki ba. Saƙo guda ne ya ɓace tsakanin masu sauka da masu hawa.

To, mi ya kamaci shugaban ma'aikata ya yi? A ganina abu uku ne.

Na farko, kada ya ɗauki mutum don ɗan wane ne. Ko takardar shaida ma ba ta isa ba. A sa shi ya yi aikin da hannunsa gaban wanda ya ƙware, a gani da ido.

Na biyu, koyo ba na rana ɗaya ba ne. Mutum yana mantuwa, kuma sabo da aiki yana kawo sakaci. Lokaci lokaci a sake gwada kowa, har tsofon hannu: in wuta ta tashi, ina za ka bi? Wane famfo za ka rufe?

Na uku, a ba ƙaramin ma'aikaci bakin magana. In ya ce “ban gane ba”, ko “wannan akwai haɗari”, kada a yi masa tsawa. Wanda ke tsoron kora zai ɓoye rashin saninsa, har ranar da abin zai fashe.

Wani zai ce koyarwa tana cin kuɗi da lokaci. Gaskiya ne. Amma nawa ne kuɗin ran magidanci? Wani kuma zai ce komi ƙaddara ce. Haka ne, amma ai ba ka barin ɗanka ya shiga Komadugu lokacin cikowa in bai iya iyo ba.

Kada ka ce wannan zancen manyan kamfanoni ne kawai. Yaron da ke zuba mai cikin injin ban-ruwa a gonar tattasai, ka gaya masa tururin fetur yana bin ƙasa, yana kama wuta tun daga nesa? Wanda ke feshin magani, ya iya karanta gargaɗin da ke jikin kwalba? Ka tuna Yamai, watan Mayu na 2019: motar dakon mai ta kife kusa da filin jirgin sama, jama'a suka ruga kwasa, ta fashe, fiye da mutum 50 suka rasu.

Saboda haka, ɗan'uwa, karatun da kake yi a ajin yaƙi da jahilci ba na sa hannu a takarda ne kawai ba. Wata rana shi zai tsirar da kai. In kana da yaran aiki, koya masu kafin ka ba su mabuɗi. In kai ne aka ɗauka, tambaya ba kunya ba ce. Rigakafi ya fi magani.