Shin Da Hannun Ɗan Adam a Canjin Damina?

 

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da iyayenmu, akwai wata gardama da ke yawo a zaurukanmu daga Ɗambatta har Bichi da Kunci. Yaran boko suna cewa hayaƙin da mutane ke fitarwa ne ya ɗumama duniya. Wasu dattawa kuwa su ce a'a, ruwa na Allah ne, wannan magana ta kusa zama saɓo.

Ni dai ban ga laifin dattijon da ya yi shakka ba. Fari ba baƙo ba ne a ƙasar Kano. An yi yunwar Kakalaba a 1914, lokacin da mota ma abin kallo ce. An yi farin 1973 da na 1984. Kuma masanan nan sun taɓa yi mana ƙazafi: a shekarun 1970 wasunsu suka ce manomi da makiyayi ne suka kori ruwa da sare itatuwa. Daga baya bincike ya nuna canjin zafin ruwan teku ne babban dalili, har da hayaƙin masana'antun Turai da Amurka a ciki. Wani Bature mai suna Michael Mortimore, wanda ya daɗe yana nazarin gonakin Kano, ya tabbatar manomanmu masu tattalin itace ne. To, wanda aka taɓa ɗora wa laifin da bai ji ba bai gani ba, dole ya yi taka-tsantsan.

Amma kuskuren jiya ba ya ƙaryata awon yau. Iskar kabon da ke fita daga ƙona fetur da gawayin ƙasa tana riƙe zafi kamar bargo. Kafin zamanin injuna, 280 ce cikin miliyan a sararin sama. Yanzu ta haura 420. A 2021 kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce babu sauran shakka aikin mutum ne ya ɗumama duniya. Inda har yanzu suke saɓani shi ne ko damina za ta ƙaru ko ta ragu a yankinmu. Abin da aka riga aka gani dai, ruwa mai ƙarfi na saukowa lokaci guda ya yawaita. Ku tambayi mutanen Jigawa ambaliyar 2022.

Maganar saɓo fa? Malamanmu sun karantar da mu cewa sanin sababi ba ya kore ƙaddara. Sayyidina Umar (R.A.) ya fasa shiga Sham da ya ji annoba ta ɓarke, bai kuma fita daga imani da ƙaddara ba. Wanda ya ce taki ne ya gyara masa gero, ai ba wanda ke kafirta shi.

Gaskiya hayaƙin nan ba namu ba ne. Duk Afirka ba ta kai kashi 4 cikin 100 ba. Amma gonar tamu ce, kuma 'yar kaɗan ce, an rarraba ta gado bayan gado. Saboda haka a fita roƙon ruwa, a kuma nemi iri mai saurin nuna. Ku ɗalibai, in an je sharar gona bana, ku roƙi Baba ya bar tohon gawo ya tashi, kamar yadda manoman Maraɗi suka yi har gonakinsu suka cika da itatuwa.